Jarrabawar da Na Sa Lokacin Shuka

Ku ajiye takardun nan naku tukuna. Na ga satifiket, na ga hatimi, Allah ya sa albarka. Amma tun da kuka shigo nake jin ɗayanku yana cewa ai koyar da manya ba wani aiki ba ne, ba mai kuka, ba mai fitsari a wando, ba uwar da za ta zo bakin aji ta yi maka tijara. To madalla. Ni ma haka na ce lokacin da nake kamarku, kuma bakina ya fi naku kaifi. Tunda kuna son karɓar ajin yaƙi da jahilcin nan daga hannuna, sai ku gyara zama ku ji yadda na fara shi.

Ni haifaffen Agege ne. Fataucin goro ya kawo kakana ta jirgin ƙasa, bai koma ba. A nan aka haifi babana, a nan aka haife ni. Yarbanci a bakina kamar Hausa yake, kuma kafin abin da zan ba ku labari, sau biyu kacal na taɓa taka Arewa, duk biki ne ya kai ni, duk kuma da rani. Ban taɓa riƙe fartanya ba. Gero kuwa a ƙwaryar mai fura na san shi.

Aikin koyarwa a hannun wata Bayarabiya na koye shi, shugabar firamaren da aka fara tura ni, kowa Mama yake ce mata. Ranar da na kama aiki, da sabuwar rigata da komai, ta miƙo mini tsofaffin batura ta ce in fasa, in kwaɓa baƙin cikinsu da ruwa in shafe allo. Haka na yi wunin farko hannuna kamar na mai sayar da gawayi. In ina koyarwa sai ta zo ta tsaya ta taga, ba ta kallona, yaran layin baya take kallo. In an tashi ta kira ni ofis ta tambaye ni me ya hana yarinyar can ta lungu rubutu, me ya sa wancan yake ta dafe ciki. In ce ban sani ba. Sai ta ce to wa na koyar yau, allo? Ni a lokacin mita na ɗauke ta, irin ta tsofaffi. Abin da nake taƙama da shi littafin shirin darasina ne, da jadawalina, da jan birona. Duk makarantar ba wanda ya kai ni tsara aiki a takarda, wannan ko Mama ta yarda.

Shekarar da soja suka koma bariki, muka sami sabon kansila mai son a gan shi. Ya zo unguwa ya ce za a buɗe ajin dare ko na yamma don 'yan ci-rani, su iya karatu da rubutu. Manyan unguwa suka ce ga Malam Bala nan, wato ni. Mama ta ara mana ɗakin aji uku, daga bayan la'asar zuwa magariba. Kansila ya kawo kwalin alli ɗaya da littattafan rubutu, aka ɗauke shi hoto yana miƙa mini, daga ranar ban ƙara sa shi a ido ba sai a fastar neman zaɓe.

Mutum arba'in da ɗaya na rubuta a rajista. Masu tura kurar ruwa, masu wankin takalmi, masu yankan farce, 'yan dako daga kasuwa, masu gadi, da 'yan okada biyu, wato masu acaɓa. Ku da kuke cewa abin da sauƙi, kun taɓa ganin ƙato mai gemu yana ƙoƙarin cusa gwiwarsa a bencin ɗan shekara takwas? Kun taɓa ba wa mutumin da ya wuni yana ɗaga jarka fensir? Riƙe shi yake kamar zai soke ƙasa, kafin ya gama layi ɗaya ya karya baki sau uku, ya huda takarda. Sai da na koma tsinto takardun buhun siminti, in ba su gawayi su yi ta zana manyan baƙaƙe har hannun ya saki, sannan mu dawo kan fensir. Wannan ba a koya mini shi a kwaleji ba.

Ga kuma kunya. Yaro in bai gane ba zai yi zuru ka gani a fuskarsa. Babba kuwa sai ya gyaɗa maka kai har da "sosai ma", alhali ko ɗigo bai shiga ba. Na taɓa kiran wani dattijo mai gadi, Baba Audu, ya fito allo a gaban ɗan ƙanensa. Ya kasa, yaron ya fito ya yi. Mako guda Baba Audu bai zo ba, sai da na bi shi har wurin gadinsa na ba shi haƙuri. Dokar rufe ƙofa ga wanda ya makara ma, wadda na zo da ita daga firamare, kwana biyar ta yi ta mutu. Mutumin da gosulo, wato cunkoson motoci, ya riƙe a danfo, motar haya, tun daga tashar Ojota, ya sauka ya ƙarasa da gudu, za ka ce ya tsaya a waje? Da na sassauta waɗannan 'yan abubuwa sai kaina ya kumbura. Na ɗauka na gama sanin ɗalibaina.

A cikinsu akwai Garba Mai Kura. Ya girme ni, zai yi shekara arba'in, daga wani ƙauye can gaba da Gumel. Ruwa yake turawa, kuma ƙugunsa ya fara ba shi matsala, in zai tashi daga benci sai ya dafa tebur. Wani manajan sito a unguwar Ogba da yake kai wa ruwa gida ya yi masa alkawarin aikin ƙofa, in har zai iya rubuta sunan baƙo da lambar mota a littafi, ya kuma kawo takardar shaida. Shi Garba ba don sha'awa yake zuwa aji ba. Takardar nan ita ce za ta raba shi da kura kafin kura ta karya shi. Ba shi ne ya fi kowa kai ba, amma naci gare shi kamar me. Yana tura ruwa yana karanta lambar duk motar da ta wuce shi, har sau biyu okada ta kusa kwashe shi. Kafin wata biyar ya wuce kowa a ajin.

To ga inda na tafka ta. Na zauna na tsara shekara kamar yadda na saba a firamare: a fara watan Oktoba, a yi zango uku, jarrabawa tsakiyar watan Yuni. Sau biyar na je ofishin masu kula da irin wannan aji kafin wani jami'i ya yarda zai zo da takardun jarrabawa, a ba da shaida mai hatimi. Ranar da na rubuta lokacin a allo na ji an ɗan yi gunaguni a baya. Baba Audu ya ɗaga hannu ya fara cewa wannan lokacin kuwa, Malam, sai na katse shi. Na ce ofis ne suka sa, na sha wahala kafin su yarda, ba na son ƙorafi. A wurinsu kuwa malami ba a ja da shi. Mama ma da na nuna mata jadawalin, ta juya shi ta tambaye ni ko na tambayi mutanen. Na ce in tambaye su me, su da ba su san zango ba?

Farkon watan Yuni na shigo aji wata Litinin na ga rabin benci ba kowa. Na zaci wani rikicin ne ya sake tashi a gari, don an yi ɗaya a watannin baya da ya hana su fitowa mako guda. Aka ce mini lafiya lau, ruwa ne aka yi a gida, can Arewa. Lokacin ba wayar hannu, wani direban tirela da ya kawo shanu shi ya zo da labarin, kafin azahar ya zaga duk inda ɗan Arewa yake. Talata muka koma goma sha biyar. Alhamis tara.

Wallahi na yi faɗa ranar kamar zan ci babu. Ruwa? Mu nan tun watan Maris ake sheƙa shi, kwatoci sun cika, takalmina bai taɓa bushewa ba, ban ga wanda ya gudu ba. Saura mako biyu jarrabawa, wata takwas ina zuba maƙogwarona, a ce don an yi yayyafi a wani ƙauye mutane su watse ko sallama babu? Na kira su marasa godiya, na ce shi ya sa ba ma ci gaba. Na ɗauko jan biro na yi ta soke sunaye har rajistar ta yage.

Washegari Garba ya zo da wuri, kafin kowa, da buhun kayansa a ɗaure. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce yana roƙon arziki ne: in gwada shi yau, in rubuta masa 'yar takarda da hannuna, don shi ma tafiya ta kama shi. Na ce ba ni da wannan ikon, shaida daga ofis take fitowa. Wannan gaskiya ne. Amma da na so, da na ce masa ya tafi, in ya dawo da kaka in san yadda zan yi da jami'in. Ban faɗa ba, kuma zan gaya muku dalili ba ɓoye-ɓoye: ina tsoron jami'i ya zo ya tarar da aji ba kowa sai 'yan tsiraru marasa ƙoƙari, in ji kunya a gabansa da gaban Mama. Garba ne adona, ba na son ya tafi.

Ya yi mini bayani a hankali. Ba shi da ɗan'uwa namiji, 'ya'yansa ƙanana ne, mahaifiyarsa ta tsufa. A kwanakin shuka kowa ta gonarsa yake yi, ko ka aika da kuɗi sai mutum ya gama tasa zai waiwayi taka. Ni kuwa na yi ta zuba masa lacca, na ce gona tana nan inda ya bar ta, mako biyu ba zai canza komai ba, amma in ya rasa wannan jarrabawar sai ya mutu yana tura kura. Sai ya ce:

"Malam, kai ka yi karatu. In ka ce mako biyu ba komai, to ba komai."

Ya kwance buhunsa ya fito da littafinsa.

Mako biyun bai cika ba aka shiga yajin aiki kan kuɗin mai, ofisoshi suka rufe. Da aka buɗe na je, jami'in ya ce a ƙara kwana goma. Kwana goma suka cika, ya ce ba a buga takardun tambayoyi ba. Haba! Na yi ta safa da marwa a danfo kamar kwandasta, in je a ce oga bai zo ba, in koma a ce oga ya fita. Duk ɗagawar da aka yi sai Garba ya zo da buhunsa a ɗaure, ni kuma in ce saura ƙiris, ai bai kamata ya yi asarar jiran da ya riga ya yi ba. A karo na uku sai kawai ya wuce ya zauna a bencinsa. Na lura ya daina karanta lambar mota, ya kuma daina dariya, amma na ce zullumin jarrabawa ne.

Sai mako na biyu na watan Yuli aka yi ta. Mutum bakwai suka zauna. Garba ya miƙa takardarsa, ya yi mini sallama a tsaye, daga aji ya zarce inda manyan motoci ke lodi ya hau bayan tirela. Shi ya zo na ɗaya. Jami'in ya yaba mini ƙwarai, ya ce bai zaci ɗan ga-ruwa zai yi rubutu haka ba. Na je na faɗa wa Mama ina washe baki, ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi.

Ƙarshen shekarar nan ba ta yi daɗi ba. An sake tayar da hankali a gari, 'yan ci-rani da yawa suka jinkirta dawowa, sai watan Disamba na iya buɗe aji. Takardun shaida sun iso, na sa ta Garba a ambulan na adana. Da ya zo na kusa kasa gane shi, wuyansa ya yi tsawo, riga tana yawo a jikinsa. Na miƙa masa takardar a gaban kowa, ya karanta sunansa da kansa, aka tafa masa. Bai tafi ba da aka tashi. Sai da ɗakin ya zama daga ni sai shi, ya sa hannu a aljihu ya fito da zangarniyar gero guda uku ya ɗora a kan littafin shirin darasina. Na zaci tsaraba ce, har na fara godiya. Ya ce in murza. Na murza a tafin hannuna na hura, ƙaiƙayi ya tashi, abin da ya rage bai kai in ƙirga da yatsun hannu biyu ba.

Ya ce da ya isa gida ya tarar maƙwabta har sun gama noman farko, geronsu ya kai gwiwa. Ya yi shuka duk da haka. Ruwa ya ɗauke lokacin da nasa yake fitar da kai, bai samu ya yi ido ba. Gonar da take ba shi dami talatin da wani abu, dami huɗu ya ɗaure, su ma irin wannan.

"Ban kawo don in ɓata maka rai ba, Malam," in ji shi. "Na ga ba ka san shi ba ne. Kuma bana ma akwai masu gona a ajin nan."

Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, kuma haushin kaina ya fi kunyar. Na zagi mutum talatin da wani abu da rashin godiya don sun san abin da ban sani ba. Guda ɗayan da ya girmama ni ya bi maganata, shi na kai wa yunwa gida.

Washegari ban yi darasi ba. Na miƙa wa Baba Audu alli, wannan karon da izininsa, na koma na cusa gwiwata a benci na ce su koya mini shekara. Nan na ji cewa mutanen wajen Zariya su ke fara tafiya, sai Kanawa da Katsinawa, sai Sakkwatawa da mutanen Nijar daga baya. Na ji cewa in ruwan shuka ya sauka kwanaki ne a hannunka, ba makonni ba. Na ji wanda ke dawowa da an gama yankan gero, da wanda sai ya jira dawa da wake. Na yage jadawalina na sake wani: a fara bayan kaka, a matse zango uku su zama biyu, jarrabawa kafin ƙarshen watan Afrilu. Jami'in ya kafe ya ce tsari tsari ne, ba za a canza shi don wasu manoma ba. Na ce to ya zo watan Yuni ya yi wa bencina jarrabawa. Sai da Mama ta saka baki, ta raka ni har ofishin ta yi masa wankin babban bargo da Yarbanci, sannan ya sa hannu.

Tun daga nan ba na rubuta komai a allo, ko lokaci ne ko doka, sai na tambayi wanda zai ɗauki nauyinta. Da azumi mu rage lokaci. Ranar da motocin kaya suka cika kasuwa ba na jiran 'yan dako, in maimaita musu washegari. Ku kuna ganin wannan sakaci ne, na ji kuna cewa za ku kawo tsari. Ku kawo, amma ku sani yaron firamare wasansa kawai yake bari ya zo aji. Babba kuwa duk sa'ar da ya zauna a gabanka wani abu ya bari, ko ciniki, ko abincin gidansa, kuma ba zai faɗa maka ba sai ka tona. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sun yarda da mu. In ka yi wa mutum tsawa da sunan ilimi a kan abin da ba ka sani ba, zai bi ka, don yana ganin alli a hannunka.

Garba ya samu aikin ƙofar, farkon sabuwar shekara ya ajiye kura. Wannan ya sanyaya mini rai, har na riƙa ce wa kaina asarar damina ɗaya ce, albashi zai mayar. Har misali nake bayarwa da shi a aji. A shekarar muka yi jarrabawa cikin Afrilu, mutum talatin suka zauna. Da labarin ruwa ya iso watan Yuni ajin ya watse cikin kwana uku, ni da kaina na raka wasu tasha ina yi musu fatan damina mai albarka.

Daga tasha na ce bari in biya Ogba. Na tarar da Garba a ɗan ɗakin ƙofa, da yunifom, yana rubuta lambar wata babbar mota a littafi, rubutu tsaf kamar na akawu. Muka gaisa. Na ce na ji an yi ruwa a wajensu, kada ya yi jinkiri ko na kwana ɗaya, in yana jin nauyin ogansa ni zan shiga in roƙar masa hutun mako biyu ya je ya yi shuka. Na zo da shirina, har abin da zan faɗa wa manajan na tsara a hanya.

Ya ƙarasa rubuta lambar, ya rufe littafin, ya ɗora biro a kai.

"Na ji labarin ruwan tun shekaranjiya, Malam. Kada ka wahalar da kanka. Gonar ai na sayar."

Na ce wace gonar, yaushe?

"Ta babana, ita ke nan dama. Tun kafin in dawo bara. Da kuɗinta na saya musu hatsin da suke ci yanzu."

Wato ranar da ya ɗora mini zangarniya a tebur ya riga ya rabu da ita, bai faɗa ba. Wata mota ta yi hon a waje, ya dafa tebur ya tashi, ya je ya buɗe mata ƙofa. A bakin ƙofar nan ya tsufa, bai sake yin shuka ba.